Yadda Tsirkiya Huɗu Suka Raba Ni da Buzun Malam

Wannan babin na daɗe ina kewaye shi. Na rubuta muku zuwan ruwan madatsar Tiga gonakinmu, na rubuta aurena da mahaifiyarku, amma duk sanda na iso nan sai in ajiye biro in ce sai gobe. Abin da ya sa na daina cewa gobe, maganar da Rabi ta kwaso mini ce daga wani gidan suna a Bunkure. Wai wata tsohuwa ta nuna ta da baki ta ce waccan ai 'yar mutumin nan ce da aka hana limanci saboda ya yi wa 'yan mata kiɗan rawa a gona. Inna lillahi! Waɗanne 'yan matan? To ku gyara zama ku ji daga bakin mai ita, tun ina da sauran haƙoran da magana za ta fito daidai. Gaskiya ne ni ne babban ɗan Malam, limamin garinmu. Gaskiya ne kuma Baffanku Mustafa, ƙanena da na koya wa babbaƙu da farfaru, shi ya hau buzun limanci, ba ni ba. Ba don ya fi ni karatu ba ne, shi ma ya sani, in kuka tambaye shi dariya zai yi ya ɗauko zancen tsadar taki. Abin da ya shiga tsakanina da buzun nan wani ɗan akwatin katako ne mai tsirkiya huɗu, sai kuma tsuntsaye.

A wancan lokacin ina aikin buɗe ƙofar ruwa a ma'aikatar noman rani. In hau keke in bi bakin kanal, wato babbar magudanar ruwan, in buɗe wa wannan sashe ruwa, in rufe wa wancan, in sha zagin duka biyun. Malam bai so aikin ba, amma ya bar ni tunda ba ya hana ni karantarwar safe da ta yamma. Wanda nake ƙarƙashinsa wani injiniya ne ɗan ƙasar Filifin, gajere mai yawan dariya, muna ce masa Mista Lito. Idan rana ta take muka fake a gindin darbejiya, sai ya ciro wata aba daga motarsa, kamar jitar da aka yaye tun ba ta isa yaye ba, ya rungume ta a ƙirji ya yi ta kaɗawa. Sunanta yukulele. Ni da na tashi a gidan da ko tafi ba a yi sai an waiga, da farko kau da kai na riƙa yi. Bayan mako guda na koma kallo da wutsiyar ido. Ba a cika wata ba ya miƙo mini ita, na ce a'uzu billahi, na karɓa. Na kai mata hannu yadda na saba kai wa fartanya, tsirkiya ɗaya ta yi ƙara kamar an taka ɗan tsako. Mista Lito ya dafe kai.

"Malam Ƙarami, wannan ba gona ba ne! Hannu naka ya yi ƙarfi. Bar shi ya mutu kaɗan."

Abin da yake nufi, in saki wuyan hannu. Ya nuna mini kaɗa ta iri biyu ne. Akwai shara, wato ka share tsirkiyoyin huɗu gaba ɗaya da yatsa manuni, in za ka yi ƙasa da bayan farce, in za ka dawo sama da tsokar yatsa. Ba gwiwar hannu ke aikin ba, wuyan hannu ne, kamar mai yarfe ruwa bayan ya wanke hannu. Ba kuma a kan ramin tsakiya ake sharar ba, sai can inda wuyanta ya haɗu da gangar jiki, nan sautin ya fi taushi. Ya sa na haddace ƙasa, ƙasa-sama, sama-ƙasa-sama, ina tafe a keke ina maimaitawa, har wani tsoho ya tare ni ya ce in ba shi izinin wannan wuridin. Na biyun ni na sa masa suna tsakura, wato ka ɗauki tsirkiya ɗai-ɗai, babban yatsa na kula da biyun sama, manuni da na tsakiya kowa da tasa a ƙasa, kada wani ya shiga gonar wani. Hannun hagu kuwa kan yatsa ne ke danna tsirkiya dab da 'yan ƙarafan da ke gicce a wuyanta, farcensa a yanke ƙwal. Na dama ne ake bari farce ya ɗan fito. Game da koyo ya ce in fara kowane abu a hankali sosai, sai ya zauna sannan in ƙara sauri, kuma gara in taɓa ta kaɗan kullum da in yini a kanta sau ɗaya a mako. Na ce masa ai wannan ba baƙon abu ba ne, haka muke hadda. Ya ji daɗi har ya ce ashe ni makaɗi ne tuntuni, na ce ya rufa mini asiri.

Da kwangilarsa ta ƙare zai koma gida, ya naɗe ta a tawul ya ɗaura mini a kariyar keke. Ban kai ta gida ba, ina! Akwai wani ɗan ɗakin kwano a bakin kanal inda muke ajiye tiyo da ƙarafan buɗe ƙofa, mabuɗinsa na hannuna, nan na sa ta cikin buhun taki. Kusa da ɗakin akwai wurin da ruwa ke faɗowa daga tudu da ruri, ko ihu ka yi wanda ke kan hanya ba zai ji ba. Nan nake zama kullum tsakanin azahar da la'asar, in kaɗa gwargwadon yadda mutum zai dama fura ya sha, in mayar da ita buhu. Shekara biyu ina haka. Da tsirkiya ta tsinke na je wajen masunta na sayo zaren fatsa, na yi ta gwada kauri iri-iri har na dace. Mahaifiyarku kaɗai na gaya wa. Ta ajiye muciya ta dube ni sama da ƙasa.

"Wato duk garin nan ka rasa abin ɓoyewa sai garaya? To Allah Ya sa Malam ya ji daga bakinka, ba daga bakin Ladan ba."

Ladan Tanko ke nan take nufi, mai kiran sallar masallacinmu, mutumin kirki ne amma magana ba ta kwana a cikinsa. Sai dai ba shi ya kusa tona ni ba, farce ne. Kun san duk Juma'a da hantsi mai yankan farce na zuwa zauren Malam, maza su jeru kowa ya miƙa hannu, Malam na gefe yana duba littafi amma babu abin da ke wuce shi. Juma'a biyu ina sulalewa da sunan ruwa ya ɓalle. Ta uku na naɗe yatsu da tsumma na ce karkare ne ya kama ni. Kash! Maganar ta shiga cikin gida, Inna, kakarku, ta aiko a kira ni. Ta kwance tsumman ta juya yatsun ta ce ba ta ga kumburi ba. Na ce daga ciki yake. Ta ce ai wannan shi ne mugun. Nan take ta huda lemon tsami ta cusa mini manuni a ciki, ta huda wani ta cusa babban yatsa, kullum da safe kuma ta sake sababbi. Kwana tara ina yawo da lemo biyu a hannu, ina tuƙa keke da su, ina cin tuwo da cokali kamar Bature, duk wanda na gamu da shi sai ya yi mini sannu. Da aka cire, farcen ya yi laushi kamar ɓawon albasa, sai da na jira wata guda kafin ya koma aiki. Mustafa, da muke cin tuwo kwano ɗaya, shi bai yarda da karkaren ba. Wata rana ya biyo ni bakin kanal, ban ankara ba yana tsaye a kaina ina tsakiyar tsakura. Ya jira sai da na gama.

"Yaya, karkaren nan naka da daɗin ji yake," in ji shi. "Amma ka san Malam ya fara maganar wanda zai tsayar."

Na sani sarai. Ƙafafun Malam sun fara ba shi wahala, tsayuwar huɗuba na neman gagararsa, kuma ya riga ya gaya wa dattawa cewa da an gama girbin rani zai tsayar da wanda zai riƙa jan sallah, wanda kuma zai gaje shi. Kowa ya san ni ne. Ni ma ina so, kada wani ya ce muku ba na so. Tun ina ɗan shekara goma nake riƙe wa Malam buta da sanda ina hango kaina a wurin nan. Amma a garinmu ɗan malami ya yi noma, ya yi ɗinki, ya yi fatauci, ba ya kiɗa. Kiɗa na masu gadonsa ne, ana yi musu kyauta ranar biki, ba a bin su sallah.

Shekarar ce aka hana shigo da alkama daga waje, kowa ya rufta nomanta. Malam ya zuba gonarsa ta cikin ruwa alkama kaf, ko kunyar tumatir ɗaya bai bari ba, da ita za a ci da gida da baƙi har kaka. Ta kuwa yi kyau. Ƙwaya na fara cika, tana da ruwa-ruwa kamar madara, sai ga tsuntsayen nan jan-baki. Tabɗi! Da sassafe za ka hango su sun taso daga fadama kamar hayaƙin ƙunar daji, su sauka gona, kafin ka zagayo daga wannan gefe sun aske wancan. Muka ɗaura gwangwanaye a igiya muna ja, muka yi ihu har murya ta dushe. Muka kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigar Malam, suka mai da shi wurin shan iska. Aka ba Malam shawara ya tura ɗalibansa su yini a gona, ya ce karatu iyayensu suka kawo su, ba zai tayar da allo saboda tsuntsu ba. Cikin kwana huɗu gefen gabas ya zama kara zalla. Na ga Malam ya tsaya a kan kunya ya murza zangarniya a tafin hannu, ya hura, babu ko ƙwaya ɗaya. Ya goge hannun a riga ya juya. Tausayinsa ya kama ni, wallahi ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Ina da aboki a Kura, Ɗan'azumi mai gyaran rediyo. Yana da lasifika irin mai bakin kakaki, da na'urarta da makirfo, ragowar yaƙin neman zaɓe, tun da soja suka karɓi mulki take ƙarƙashin gadonsa babu mai nema. Na karɓi hutu a wurin aiki, muka ɗauko ta, muka ari batirin tarakta. Muka kafa rudu, gadon nan mai tsayi na tsaron gona, a tsakiyar alkama, muka ɗaure lasifikar a kan doguwar gora. Na hau na yi ta ihu a makirfo ina buga gwangwani. Da safe sun ji tsoro, kafin azahar sun saba, ni kuwa muryata ta tafi. Ɗan'azumi ya cire hula ya sosa kai.

"Tsuntsu fa da wayo yake, duk abin da ba ya canzawa sabawa yake da shi. Abin da ake so, abu mai sauti kala-kala, wanda mutum ɗaya zai yini yana yi a zaune. Da ma a ce akwai mai goge ko kukuma a kusa."

Na hau keke na tafi bakin kanal ina juya maganar. In na fito da ita, garin nan kaf ya sani ke nan, ba kuma a ɓoye ba, ta lasifika. In na bar ta a buhu, alkamar Malam ta tafi. Na tsaya a ƙofar ɗakin kwanon nan da mabuɗi a hannu har wani mai jaki ya tambaye ni ko ƙofar ce ta ƙi buɗuwa. Ba zan ce muku jarumta ce zalla ba. Akwai tausayin Malam, akwai kuma wani abu a ƙasan raina da ke cewa shekara biyu kana kaɗa wa ruwa, yau dai mutane su ji. Na ɗauko buhun na ɗaure a keke.

Mista Lito ya taɓa gaya mini yadda ake ƙara mata murya. Ya ce a ajiye makirfo nesa da ita kamar tsawon tafin hannu, a saita shi inda ake shara, kada a cusa shi bakin rami, kuma mai kaɗawa ya zauna a bayan lasifika, domin in makirfo ya fuskanci bakinta kuka za ta yi. Washegari da hantsi na bi duk wannan tiryan-tiryan. Muka ɗaure makirfo a sanda da robar tayar keke, Ɗan'azumi ya murɗa na'ura, na yi bismilla a zuci, ban san ko ta halatta a nan ba, na saki wuyan hannu. Ku yara, ban taɓa jin kaina ba sai ranar. Sautin ya tashi ya bi kan alkama ya tafi, tas da shi. Tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya, na ce alhamdu lillahi. Suka yi zagaye ɗaya a sama suka dawo suka sauka, wasu ma kusa da rudun. Na ƙara ƙaimi, suka ƙara ci. Wallahi har na ga kamar sun fi sauri, kamar 'yan biki da aka kawo wa makaɗi. A kan hanyar kanal wasu Fulani mata biyu masu tallar nono suka sauke ƙwarya suka tsaya saurare. To waɗannan su ne 'yan matan da aka gaya wa Rabi, ɗayar ta girmi Inna.

Haushi ya kama ni. Na miƙe zan jefi tsuntsayen da hoge, rigata ta kwaso sandar makirfo ta juya shi ya fuskanci bakin lasifika. Wata ƙara ta fito wadda ban taɓa jin irinta ba, kamar ana jan ƙusa a kan kwano amma a cikin kanka. Ɗan'azumi ya faɗo daga rudu. Jan-baki kuwa suka tashi ɗungurungum suka nufi fadama ko waiwaye babu. Ɗan'azumi na kwance cikin alkama ya ɗago hannu yana nuna ni.

"Wannan! Wannan za ka riƙa yi! Ajiye wancan mai daɗin!"

Haka aka yi. Duk abin da Mista Lito ya hana, shi na koma yi. Na cusa makirfo cikin rami na ɗaure da roba. Na sassauta tsirkiya biyu suna kaɗa kamar igiyar shanya, na ɗame ɗaya har tana neman tsinkewa. Na sandare hannu tun daga kafaɗa ina yaƙusar su da yatsu biyar, in ja farce a tsawon tsirkiya, in ƙwanƙwasa katakon, in sun yi taurin kai in juya wajen bakin lasifika ta yi kukan nan nata. Kuma kullum sai na ƙirƙiro sabon muni, don kada su saba. Kwana goma sha tara ina haka, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ba na tsayawa sai an kira sallah, lokacin ne Mustafa ke karɓa da gwangwanaye mu yi sallar bi da bi. Ɗan'azumi na jigilar batir zuwa Kura caji. Jakunan gari suka riƙa amsa mini. Ardon rugar da ke bayan kanal ya aiko a tambaya ko lafiya, wai shanunsa sun ƙi tsayawa tatsa. Inna kuwa da labari ya kai mata, ta aiko mahaifiyarku da saƙo guda.

"Ki ce masa ashe karkaren ke nan. Lemona goma sha takwas, Allah Ya isa ban ce ba, amma na ƙirga."

Maƙwabtan gona suka fara roƙo a juya musu bakin lasifika, muka riƙa juyawa gabas da yamma. Gonar Ladan Tanko ce kaɗai a can ƙarshen sashe inda ƙarar ba ta kaiwa sosai, duk tsuntsun da na kora kuwa can yake sauka. Rana ta shida ya ɗebi dattawa uku suka yi sallama a zauren Malam. Mustafa na wurin, shi ya kawo mini yadda aka yi.

"Allah gafarta Malam," in ji Ladan, "ba da rashin kunya muka zo ba. Amma wanda ake cewa za mu bi sallah yana kan rudu rungume da garaya, ana jin sa har hanyar Madobi. Me za mu ce wa mutane?"

"Sai na ji da kunnena," in ji Malam.

Ina kan rudu na hango farin rawani na tahowa a kan kunya, ana dogara sanda. Daidai lokacin kuma wani garke ya sauko, babu yadda zan yi, na ba su mafi munin abin da nake da shi. Malam ya tsaya cak. Na ga ya ɗaga gefen rawani ya toshe kunne da yatsa, ya ɗan jima, ya juya ya koma. A zaure ya zauna ya nemi ruwa ya sha, sannan ya dubi dattawa.

"Na je na ji. Abin da malamanmu suka ja kunne a kai shi ne kiɗan da ke shiga zuciya ya shagaltar da ita. Wannan na yaron nan ko kusa da zuciya ba ya zuwa, a haƙori yake tsayawa. Ban ga wanda zai ji shi ya manta da sallah ba, sai dai ya ƙosa a kira ta don a samu sauƙi. Wannan korar tsuntsu ce. Kiɗa kam bai iya ba, ku bar shi ya tsare mana abinci."

Dattawa suka tuntsire da dariya, har Ladan. Mustafa ya zo yana murna wai na tsira. E, na tsira, amma ku ji irin tsirar. Gari kaf ya ɗauka, in na wuce majalisa sai wani ya kama muƙamuƙi ya ce wayyo haƙorina. Shekara biyu ina gyara wuyan hannu, ga shi an yanke mini hukunci a zauren ubana cewa ban iya ba, kuma da wannan hukuncin nake riƙe da buzu. Ina dariya tare da su, amma abin na ci mini rai.

Aka yi girbi, alkama ta yi auki, gefen gabas kaɗai aka rasa. Har Ladan sai da Malam ya aika masa da buhu biyu. Na ce magana ta wuce. Ashe masu nonon nan sun shiga gidan Ladan talla, hira ta kawo hira, suka ce ai ranar farko ba haka ɗan liman ya kaɗa ba, wani abu ya yi mai sanyi har suka manta da nono a rana. Na yaba wa Ladan abu ɗaya, bai kai maganar majalisa ba, Malam ya samu shi kaɗai ya gaya masa. Ranar Laraba Malam ya ce wa Mustafa ya gaya mini in zo gona bayan la'asar da kayan tsuntsayen nan, ban da lasifika. Juma'ar makon ce zai sanar da wanda ya tsayar. Mustafa ya riƙe mini kan keke.

"Yaya, don girman Allah ka yi masa na tsuntsaye. Ni ba na so, ka san ko iƙama na tayar muryata rawa take."

Mahaifiyarku ma ta biyo ni har soro. "Kwana goma sha tara kana yi wa gari muni, na ɗan lokaci kaɗan ne zai gagare ka?"

Na tarar da Malam zaune a kan damin karan alkama, ya miƙe ƙafafu, sanda a gefe. Gonar fayau, babu kowa. Na durƙusa na gaishe shi. Kun san bai taɓa kiran sunana ba, ɗan fari ne ni.

"Kai," in ji shi, "na tsaya gaban mutane na ce ba ka iya ba. Yanzu an ce mini ka iya. Ban nemi kowa ya rantse ba, kai ma ba zan nema ba. Jibi Juma'a. In abin da na faɗa haka yake, magana ta ƙare, kai za ka ja sallah. Kaɗa in ji."

Ya kau da fuska wajen kanal. Na gane ƙofa ya buɗe mini, in na yaƙushi tsirkiyar nan sau uku zai ce ya ji, mu tashi. Na ciro ta daga buhu, tsirkiyoyin na nan a sassauce yadda na bar su, ko taɓa su ba sai na yi ba. Na dubi ƙeyar Malam. Na yi wa Inna ƙarya da lemon tsami, na sha dariyar abin, amma wannan dabam ce. In na yi, zan hau buzun mutumin nan da ƙaryar da na yi masa ido da ido, shi ma yana sane, ni ma ina sane, kullum sau biyar. Ga kuma girman kan nan da na gaya muku, ba zan ɓoye shi ba, ina so ko sau ɗaya ubana ya ji abin da hannuna ya iya. Na kama kunnuwanta na fara ɗaure tsirkiya ɗaya bayan ɗaya har suka daidaita. Tun daga nan na ga kafaɗarsa ta sauka.

Ban yi shara ba, tsakura na yi, a hankali, wani ɗan sauti da ni na haɗa abina a bakin ruwa, ba shi da waƙa ba shi da suna. Babu lasifika, muryarta 'yar ƙarama, iyakarta mu biyu. Na yi nisa a ciki sai idona ya sauka kan ƙafar Malam. Babban yatsansa na motsi a cikin takalmi, sama da ƙasa, daidai da bugun. Shi ma ya sunkuya ya gani. Ya jawo bakin riga a hankali ya rufe ƙafar. Hannuna ya tsaya.

"La haula," in ji shi, can ƙasa-ƙasa. "Ka iya."

"Na iya, Malam."

"Da ka yi mini na tsuntsayen, da na karɓa."

"Na sani, Malam."

Ya mai da fuska wajen kanal. Bai dube ni ba ya ce:

"Mustafa zai ja sallah jibi."

Na ce to. Hawaye suka zubo mini, ina da mata da 'ya'ya biyu amma na kasa tare su, domin abin da nake hange tun ina yaro ne ya tafi, kuma da hannuna na sallame shi. Na jawo buhun na fara cusa ta ciki, ina jiran ya ce a kai ta murhu.

"Ina za ka kai ta?" in ji Malam. "Ai ba ka kai ƙarshe ba. Tunda an riga an yi hasarar, ƙarasa in ji."

Na goge ido da hannun riga na koma tun daga farko. Yana zaune ya ba ni baya, riga a kan ƙafa, bai motsa ba sai da na kai ƙarshe. Ranar Juma'a na shiga masallaci na nemi wuri can baya kusa da takalma. Ana tayar da iƙama Malam ya waiwayo daga sahun farko yana neman wani da ido, da ya hango ni ya yafito ni, aka yi ta matsawa ana ba ni hanya. Ya kama hannun rigata ya tsayar da ni kusa da shi, muka bi Mustafa tare.